Gaskiya ko Jita-jita: Shin An Kunna Rana a Doron Ƙasa?

Ranar 13 ga Disamba, 2022, sakatariyar makamashi ta Amurka, Jennifer Granholm, ta tara 'yan jarida a Washinton ta shaida musu cewa masana sun cimma abin da aka shekara fiye da sittin ana nema: sun haɗe ƙwayoyin zarra a ɗakin gwaji, kuma makamashin da ya fito ya fi wanda aka zuba. Kafin gari ya waye labarin ya zaga duniya, duk bakin da ya bi ta kansa sai ya ƙara masa gishiri. Wasu suka ce an gama da matsalar wutar lantarki. Wasu suka ce ai tuni Sin ta harba rana ta biyu sama. Wasu kuma suka taɓe baki, suka ce tun suna yara ake wannan alkawari. Kowane ɓangare ya riƙo wani guntun gaskiya, sai dai guntun bai kai nauyin maganar da aka ɗora masa ba.

Hanyoyi biyu ake bi a fitar da makamashi daga cibiyar ƙwayar zarra. Ta farko fasawa ce: a samo ƙwaya mai nauyi kamar yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar tun 1971, a tsaga ta. Duk tashoshin nukiliyar da ke ba da wuta a duniya yau haka suke aiki, haka ma ƙaramar na'urar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Ta biyu haɗawa ce: a ɗauko ƙwayoyi biyu marasa nauyi, diyuteriyom da tiritiyom, waɗanda duk nau'o'in haidurojin ne, a matse su su zama hiliyom. A yayin haɗuwar wata ƙwaya mai suna niyutiron kan fice a guje, ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na makamashin.

Cibiyoyin biyu caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka ture juna suke yi. Ba sa kusantar juna har su manne sai an sa su gudu mai tsanani, wato an zafafa su zuwa digiri miliyan 100 ko 150. A irin wannan zafi ilektiron sukan rabu da cibiyoyinsu, iskar ta zama abin da ake kira filasma. Kowa ya taɓa ganinta. Ita ce walƙiyar damina, ita ce farin hasken da ke tashi tsakanin sandar mai walda da ƙarfe, kuma da ita aka yi rana da taurari. Duk wannan bincike a kanta ya rataya.

"An fitar da makamashi fiye da wanda aka kashe"

Gaskiya ne, muddin an faɗi daga inda aka fara lissafi.

An yi gwajin ranar 5 ga Disamba, 2022, a cibiyar NIF da ke ɗakin bincike na Lawrence Livermore a jihar Kalifoniya. Abin da ake harbi ɗan ƙwanso ne na daimon, faɗinsa kimanin milimita 2, an daskarar da diyuteriyom da tiritiyom a jikin bangonsa ta ciki. Ana rataye shi a tsakiyar wani ɗan gwangwani mai shafen zinare wanda tsawonsa bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Sai haskokin leza 192 su shigo ta bakuna biyun gwangwanin a lokaci guda su doki bangonsa, bangon ya yi zafi ya feso hasken eksire. Shi ne ke ƙone bayan ƙwanson ya watsa shi waje, abin da ke ciki kuma ya matse da gudun kusan kilomita 400 a sakan ɗaya. Haɗuwar gaba ɗayanta ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba.

Lezar ta kai megajul 2.05 cikin gwangwanin, megajul 3.15 suka fito. Ribar da aka yi shela ke nan. Amma kafin lezar ta yi wannan harbi sai da ta zuƙi kusan megajul 300 daga layin wuta. Abin kamar ɗan kasuwar da ya saro kaya a ƙauye ya sayar a birni da riba, amma bai sa kuɗin mota da na dako a lissafinsa ba, ga shi kuwa kuɗin motar ya ninka uwar kuɗin fiye da sau ɗari. In aka juya shi zuwa lissafin mitar gida, yunit 83 aka ci, abin da ya fito bai cika yunit ɗaya ba, shi ma zafi ne da ba a mayar lantarki ba.

Ban faɗi wannan don in rage wa aikin daraja ba. Masu aikin ba su ɓoye komai ba. Shugabar ɗakin binciken, Kim Budil, ta ambaci megajul 300 ɗin a gaban 'yan jarida a ranar, ta kuma ce tashar wuta sai nan da gomman shekaru. Abin da suka nuna babba ne: hiliyom ɗin da haɗuwar farko ta haifar ya zafafa sauran man, wutar ta ciyar da kanta, abin da ba a taɓa yi a wani ɗakin gwaji ban da nasu ba. Sun kuma maimaita, wanda shi ne shaidar da kimiyya ke karɓa. A watan Yulin 2023 sun samu megajul 3.88, a Afrilun 2025 suka kai 8.6. Sai dai tun asali ba don wutar gari aka gina NIF ba. Amurka ta daina gwajin bama-baman nukiliya a 1992, ta gina cibiyar don ta riƙa nazarin makamanta ba tare da fasa su ba. Irin wannan babban harbi bai fi sau ɗaya a yini ba in ya yi yawa, tashar wuta kuwa tana buƙatar kusan goma a kowane sakan.

Ɗaya hanyar, wadda aka fi zuba wa kuɗi, ita ce riƙe filasma da maganaɗisu a cikin na'ura mai siffar zobe da ake kira tokamak. A nan har yau ba a kai ga mayar da uwar kuɗi ba da man gaske. A 1997 na'urar JET da ke Culham a Ingila ta fitar da megawat 16 bayan an zuba mata megawat 24 na zafi, wato kashi 67 cikin 100, kuma babu tokamak ɗin da ta wuce haka. A Oktoban 2023, dab da a rufe ta, ta fitar da megajul 69 cikin sakan biyar daga man da bai wuce miligiram 0.2 ba. Yunit 19 ke nan daga abin da ido da ƙyar zai gani. Lamba ɗaya ta nuna girman abin da ake nema, ɗayar ta nuna nisan da ya rage.

"Sin ta ƙera rana ta harba ta sama"

Jita-jita ce. Bidiyon da ya yi ta yawo a farkon 2022, wanda ke nuna dunƙulen haske yana tashi sama mutane na ɗauka da waya, harba roka ne a tsibirin Hainan. Abin da jaridu ke wa laƙabi da rana ta wucin gadi tokamak ce mai suna EAST, tana girke cikin gini a birnin Hefei, ba ta zuwa ko'ina, kuma ba ta da wata hanyar taɓa yanayin gari ko ƙara zafin bazara.

Ranar 20 ga Janairu, 2025, EAST ta riƙe filasma na sakan 1,066. Bayan mako uku, ranar 12 ga Fabrairu, na'urar WEST a kudancin Faransa ta kai sakan 1,337, wato fiye da minti 22. A Daejeon ta Koriya ta Kudu, KSTAR ta riƙe digiri miliyan 100 na sakan 48. Babu ɗaya daga cikinsu da aka sa wa tiritiyom, babu wadda ta ba da ribar makamashi. Duk tsawon lokacin daga waje ake zuba musu zafi. Abin da suke gwadawa shi ne juriya: shin bango zai ɗauka, shin na'urorin sarrafawa za su riƙe abin ba tare da ya kufce ba?

Ko maganar cewa ana kwaikwayon rana sai an gyara ta. Tsakiyar rana digiri miliyan 15 ne kawai, kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema a tokamak. Nauyin jikinta ne ke matse filasmarta har kaurinta ya ninka na ruwa sau 150, kuma duk da haka a hankali take ci. Kowace mita ɗaya ta ko'ina a tsakiyarta ba ta ba da fiye da wat 300. Jikin mutum ya fi haka fitar da zafi in aka auna girma da girma. Girmanta ne ya sa take haska duniya. Da masana za su kwaikwaye ta sak, da tasharsu ba ta kunna fitilun unguwa ɗaya ba. Shi ya sa suka zaɓi wani man daban mai saurin kamawa, suka rama rashin nauyi da ƙarin zafi.

"Babbar matsalar ita ce zafi, ba tukunyar da za ta ɗauke shi"

Wannan ita ce fahimtar da ta fi yaɗuwa ko a tsakanin masu ilimi, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. An daɗe da kai wa zafin. Tun shekarun 1990 na'urar TFTR ta Princeton a Amurka da JT-60 ta Japan suka wuce digiri miliyan 500. Filasmar tokamak kuwa ba ta da kauri ko kaɗan, iskar da muke shaƙa ta ninka ta sau ɗaruruwan dubbai. In ta taɓa bango, fatar bangon kan ƙone, amma ita ce ke mutuwa nan take. Ƙurar ƙarfen da ta ɓallo ta shiga cikinta sai ta zubar da zafin ta hanyar haske. Tangistin, ƙarfen da ake shimfiɗawa a wuraren da suka fi shan wuta saboda ba ya narkewa sai a digiri 3,422, in ƙwayarsa ɗaya ta shiga cikin ƙwayoyin mai dubu goma ta isa ta hana wutar kamawa.

A 1955 wani injiniya ɗan Birtaniya, John Lawson, ya lissafa cewa abubuwa uku ne dole su haɗu a lokaci guda: zafi, da kauri, da tsawon lokacin da zafin ke zama kafin ya yoye. Na ukun shi ne ciwon kai. Kada a haɗa shi da mintocin da aka ambata a sama. Filasma kan iya rayuwa minti ashirin alhali zafin da aka zuba mata yana ficewa cikin ƙasa da sakan ɗaya, ana ta cikawa yana ta zuba. Guguwa ce ƙanana ke tashi a cikinta suna kwashe zafi daga tsakiya zuwa gefe. Na'urar ITER da ake ginawa a Faransa, mai nauyin tan 23,000, an yi ta da wannan girma ne musamman don zafin ya ɗauki sakan uku zuwa huɗu kafin ya fita.

Ga abin da ke faruwa a gwaji ɗaya. Ana zuƙe iskar da ke cikin zoben tas, a kunna manyan naɗin wayar maganaɗisu, a fesa ɗan gas kaɗan. Wani naɗin da ke tsakiya ya tura wutar lantarki ta ratsa gas ɗin, ya zama filasma, wutar ta ci gaba da zagaya zoben a cikinta. A ITER za ta kai amfiya miliyan 15. Tsawa guda takan kai kimanin dubu 30 ne. Wannan wutar tana cikin abin da ke riƙe filasmar, kuma ita ce tushen yawancin fitinarta. An gano cewa filasmar da aka miƙar tsaye ta fi riƙe zafi, amma da zarar an miƙar da ita sai ta nemi zamewa sama ko ƙasa, kuma cikin 'yan kashi dubu na sakan ta isa bango. Babu hannun mutum da zai cimma wannan. Ma'aunai ne jere a jikin bango suke jin motsinta, kwamfuta ta lissafa inda take, ta sauya ƙarfin wutar naɗe-naɗen don ta dawo da ita, sau dubbai a kowane sakan. Mutanen da ke ɗakin sarrafawa sun gama nasu aikin kafin a fara. Da an danna, kallo ne nasu.

In riƙon ya kufce, abin da ke biyo baya shi ake kira rushewar filasma. Zafin duka ya zube kan bango cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wutar da ke zagayawa ta yanke ta shiga ƙarfen tukunyar. A JET irin wannan ya sha girgiza tukunyar da ƙarfin ɗaruruwan tan har ta gusa 'yan milimita. Wani lokaci kuma ilektiron su tattaru su yi gudu kusan na haske su huda bango a wuri ɗaya. Maganin da aka tanadar wa ITER shi ne da zarar an hango rushewa, a harba daskararrun dunƙulen haidurojin da niyon, a farfasa su a bakin shiga, su watsu cikin filasmar su sa ta zubar da zafinta ta ko'ina maimakon wuri guda. An gwada dabarar a JET da KSTAR da DIII-D ta San Diego.

Ko nasara ma da nata rigimar take zuwa. A 1982, a na'urar ASDEX da ke Garching ta Jamus, Friedrich Wagner ya lura cewa in aka ƙara zafi ya wuce wani mizani, gefen filasmar kan yi wa kansa shinge, riƙon zafi ya ninka kusan sau biyu. Ba wanda ya yi hasashen haka, gani aka yi. A kan wannan yanayi aka tsara ITER. To amma shingen kan cika ya fashe, ya sake cika ya sake fashewa, kowace fashewa tana watsa wa bango wuta. Sai da aka shekara ashirin kafin a nuna a DIII-D cewa in aka ɗan murguɗa maganaɗisun gefen da wasu ƙananan naɗe-naɗe, shingen zai riƙa yoyo a hankali ba tare da fashewa ba.

Akwai masu ganin a rabu da wutar da ke zagaya cikin filasmar gaba ɗaya. Wannan ita ce dabarar da Lyman Spitzer ya kawo a Princeton a 1951: maganaɗisun waje kaɗai su yi riƙon. Farashinta shi ne wahalar ƙira. Wendelstein 7-X da ke Greifswald a Jamus tana da murɗaɗɗun naɗe-naɗe 50 waɗanda sai da manyan kwamfutoci aka iya zana siffarsu. Ta fara aiki a Disamban 2015, a Fabrairun 2023 ta riƙe filasma minti takwas. A ganina wannan hanya ba ta samun rabonta a labarai.

"Ƙirƙirarriyar basira ta warware matsalar"

An zuzuta. A Fabrairun 2022 kamfanin DeepMind da cibiyar binciken filasma ta Lausanne a Suwizalan suka wallafa a mujallar Nature cewa sun horar da manhaja a kwamfuta, sannan suka miƙa mata naɗe-naɗe 19 na tokamak ɗin TCV. Tana karanta ma'aunai 90, tana ba da umarni sau 10,000 a sakan, ta lanƙwasa filasmar siffofi daban-daban, har ta riƙe guda biyu a tukunya ɗaya. A Fabrairun 2024 masanan Princeton suka nuna a DIII-D cewa manhaja na iya hango wata irin yagewar maganaɗisu kashi uku cikin goma na sakan kafin ta auku, ta kauce mata. Aiki ne mai kyau, zai rage wa injiniyoyi watannin lissafi. Amma na'urorin sarrafawa na da ma suna riƙe filasma, gwajin TCV sakan biyu ne zuwa uku, kuma manhaja ba ta san abin da ba a nuna mata ba. Na'ura irin ITER ba za ta jure a bar ta ta yi ta rushewa don manhaja ta koyi darasi ba.

"Wata rana sai ta tashi kamar bam"

Ba za ta iya ba. Bam ɗin haidurojin, wanda Amurka ta fara gwadawa a Nuwamban 1952, sai an fasa bam ɗin yuraniyom ko fulutoniyom a cikinsa kafin ya kama. Tashar fasawa irin ta Chernobyl ana loda mata man watanni ko shekaru a lokaci guda, aikin masu kula shi ne hana wutar wuce gona da iri. A tokamak man da ke ciki a kowane lokaci bai wuce 'yan giram ba, na 'yan sakan ne, kuma duk abin da ya lalace kashe wutar yake yi. Rushewar filasma asarar na'ura ce mai tsada, ba bala'in gari ba.

Amma masu cewa ba ta da shara ko haɗari ko kaɗan su ma sun wuce iyaka. Tiritiyom yana fitar da radiyeshan, yana ratsa ƙarfe mai zafi, in ya fita yakan shiga ruwa ya zama ɓangarensa. Niyutiron ɗin da ke ɗauke da makamashin suna dukan bango dare da rana, su gajiyar da ƙarfen, su mayar da shi mai radiyeshan, dole a riƙa canza shi da na'urori masu hannu daga nesa. Bambancin shi ne ana ƙera wani irin ƙarfe wanda haɗarinsa zai ragu cikin kusan shekara ɗari, maimakon dubban shekarun da sharar yuraniyom ke ɗauka. Hukumomin Faransa a matsayin cibiyar nukiliya suka ba ITER lasisi a 2012, kuma haka ya dace.

Maganar cewa ruwan teku ne man, don haka ba ya ƙarewa, rabinta ce gaskiya. Diyuteriyom yana nan birjik, kimanin giram 33 a kowace lita dubu ta ruwan teku. Tiritiyom kuwa kusan babu shi a duniya, don rabinsa kan lalace duk shekara 12.3. Wanda ake sayarwa yawancinsa daga tashoshin fasawa samfurin CANDU na Kanada da Koriya ta Kudu yake fitowa, kuma duk abin da ke ajiye don aikin farar hula bai wuce kilo 20 zuwa 30 ba. Tasha ɗaya mai fitar da megawat 1,000 na zafin haɗawa za ta ci fiye da kilo 50 a shekara. Mafita ɗaya ce: a lulluɓe tukunyar da bargon litiyom, niyutiron su doke shi ya haifi sabon tiritiyom, tashar ta riƙa yi wa kanta mai. A takarda lissafin yana fita, da ƙyar. A aikace ba a taɓa yi a na'ura mai aiki ba. Ni wannan ta fi damuna fiye da duk sauran, kuma ita ce ba a cika jin ta a kanun labarai ba.

"Damfara ce, kullum saura shekara talatin"

Masu wannan magana suna da abin kafa hujja. A Maris ɗin 1951 shugaban Ajantina, Juan Perón, ya yi shelar cewa wani masani, Ronald Richter, ya yi nasara a tsibirin Huemul. Bincike ya nuna babu komai. A Janairun 1958 Birtaniya ta yi murna da na'urar ZETA, bayan 'yan watanni masanan suka janye maganar da bakinsu, don niyutiron ɗin da suka gani ba daga inda suka zata suka fito ba. Ranar 23 ga Maris, 1989, Martin Fleischmann da Stanley Pons suka ce sun haɗe ƙwayoyi a kwalba ba tare da zafi ba a Jami'ar Utah. Manyan ɗakunan bincike suka gwada, abin bai fito ba.

A duk ukun masana ne suka bankaɗo kuskuren, ta hanyar sake aunawa. Kuma aunawar nan ita ce ta tabbatar da gaskiya a lokacin da aka yi shakkarta. A 1968 Lev Artsimovich na Tarayyar Sobiyet ya ce tokamak ɗinsu T-3 ta kai digiri miliyan 10, ninki goma na abin da kowa ke samu. Turawan yamma ba su yarda ba. Sai ya gayyaci masanan Culham su zo su auna da kansu. A 1969, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, suka ɗauki tan-tan na kayan aiki zuwa Cibiyar Kurchatov a Mosko, suka harba leza cikin filasmar suka karanta zafinta daga hasken da ya warwatso. Maganar Rashawa ta tabbata. Shekara na zagayowa Princeton ta juya babbar na'urarta ta koma tokamak. Daga ƙasa da wat ɗaya a farkon shekarun 1970 aka kai megawat 10.7 a TFTR a 1994, sannan 16 a JET. Wanda ya kira wannan damfara bai duba lambobin ba.

Jinkirin kuwa gaskiya ne, kuma babba. Reagan da Gorbachev suka kawo shawarar ITER a Janiba a 1985, aka sa hannu a 2006 tsakanin Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu. An sa 2025 a matsayin shekarar kunna ta. A 2022 aka sanar da cewa an gano tsagewa a bututun sanyaya garkuwar zafi, da sassan tukunya waɗanda bakinsu bai dace da juna ba. A Yulin 2024 shugabanta, Pietro Barabaschi, ya sanar da sabon jadawali: bincike a 2034, tiritiyom a 2039, da ƙarin kuɗi Yuro biliyan 5. Burinta ta zuba megawat 50 ta samu 500 na tsawon 'yan mintoci. Ba za ta sayar wa kowa wuta ba, ba a ma sa mata injin janareta ba.

Ga mai fatan wannan ce za ta kawo ƙarshen ɗauke wuta, tashar haɗawa ma ruwa za ta tafasa, tururi ya juya inji, wutar ta bi waya da taransifoma kafin ta iso gida. Najeriya tana da injinan da aka girke don kusan megawat 13,000, abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Wannan giɓin ba filasma ce za ta cike shi ba.

Kamfanoni masu zaman kansu sun ce ba za su jira ITER ba. Helion ya yi yarjejeniya da Microsoft a 2023 cewa zai ba shi megawat 50 a 2028. Alkawari ne, ba sakamakon gwaji ba. Commonwealth Fusion Systems, wanda ya fito daga jami'ar MIT, yana da abin nunawa a hannu: a Satumban 2021 ya gwada sabon maganaɗisu da ya kai tesla 20, kuma ƙarfin maganaɗisu shi ke ba da damar ƙanƙanta na'ura. Da irinsa yake haɗa tokamak ɗin SPARC a Devens ta jihar Massachusetts. In ta yi abin da aka zana ta don shi, za ta haye kashi 67 na JET ta wuce ɗari. Shi ma lissafin cikin tukunya ne, ban da wutar da maganaɗisu da injinan sanyi ke ci. Wutar sayarwa sai tashar ARC mai megawat 400 da kamfanin ya ce zai gina a Virginia a farkon shekarun 2030, kuma ita ce za a fara tambaya ko bargonta na haifar da tiritiyom ɗin da ya kai wanda take ƙonawa.